Abin Da Ya Raba Ganda Da Takalmi

Rannan a nan Sheshe muna cin ganda wani ƙaninmu ya ɗaure mu da tambaya: tun da takalmi ma fata ne, me ya sa ba ya dahuwa?

Amsar tana cikin kimiyyar sinadarai. Fata zaruruwa ce na wani furotin mai suna kolajin, dogayen sarƙoƙi da ke ɗauke da caji nan da can a jikinsu. Ɗanyar fata kan takure idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 65. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai kuwa suna jiƙa ta a ruwan gishirin kiromiyom. A cikin ruwa, kowace ƙwayar kiromiyom mai caji fozitif 3 tana kewaye da ƙwayoyin ruwa 6 da suka riƙe ta.

Ga inda wayon yake. Da farko ana tsamama fatar da asid. Asid ɗin yana toshe wuraren da ke da caji negetif a jikin kolajin, sai kiromiyom ya rasa abin kamawa, ya ratsa har tsakiyar fatar. Daga nan a riƙa zuba soda kaɗan-kaɗan. Tsami na raguwa, wuraren negetif na buɗewa, ƙwayoyin kiromiyom na haɗuwa biyu-biyu, uku-uku, su saki wasu ƙwayoyin ruwan, su kama wannan sarƙa da waccan kamar gada. In aka yi gaggawar zuba soda, sai ya maƙale a sama, cikin ya zauna ɗanye. Fatar da ta jemu haka takan fito shuɗi-shuɗi, kuma tana jure tafasasshen ruwa. A 1884 Augustus Schultz ya yi rajistar jima da kiromiyom a Amurka. Majemanmu na gargajiya kuwa bagaruwa suka riƙe, ita ma aikinta ɗaure kolajin.

Sai dai ba duk kiromiyom ɗin ke kamawa ba. Ragowar na bin ruwan da aka zubar, kuma ruwan masana'antu ya daɗe yana gangarawa Kogin Challawa da rafin Jakara, inda masu lambu ke ban ruwan latas da alayyafo. A ganinmu, ɗalibin da ya fahimci darasin asid da soda ya riga ya san rabin maganin: in aka ƙara wa ruwan nan alkali, kiromiyom na kwantawa ƙasa, a tace shi, a sake jima da shi.