Uwargida, Karanta Gefen Tayar Kafin Ki Biya Kuɗi

Yau za mu ɗan ajiye maganar allurar rigakafi da zazzaɓin yara, mu leƙa ƙarƙashin mota. Da yawanmu muna da 'yar ƙaramar tsohuwar mota da muke kai yara makaranta da Islamiyya, Corolla ce ko Golf ko Micra, kuma idan taya ta mutu sai mu miƙa wa direba ko maigida kuɗi, mu ce a samo mai sauƙi. To, ni da nake aiki a asibiti, ina ganin irin raunukan da ake kawowa idan taya ta fashe ana cikin gudu, shi ya sa ban ɗauki wannan magana a matsayin ta maza kaɗai ba. A ranar 6 ga Maris 2016 fashewar taya a hanyar Kaduna zuwa Abuja ta yi sanadin rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa, a cikin babbar motar gwamnati, balle tamu da ta sha jiki.

Akwai wata taya da ake kira tayar hunturu. An yi ta ne domin ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe titi, irin su Kanada da Jamus da Finland. Robarta mai taushi ce, saboda robar taya ta yau da kullum tana fara sandarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salsiyas, sai ta daina kama titi sosai. Ita kuwa ta hunturu tana nan da laushinta. Idan kika duba fuskarta za ki ga ƙananan tsage-tsage masu yawa kamar an yi mata zane da reza, su ne suke cizon ƙanƙara. A gefenta kuma akwai hoton dutse mai tsini uku da 'yar alamar ƙanƙara a tsakiya. Riƙe wannan hoton a ranki, domin shi ne ginshiƙin maganarmu.

'Yan'uwanmu da aure ko karatu ko aiki ya kai can, ku wannan taya wajibi ce a gare ku, a wasu wuraren ma doka ce. A lardin Kebek na Kanada dole mota ta kasance da ita daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Jamus ba a yanka rana ba, amma duk lokacin da titi ke da ƙanƙara ko santsinta dole ne, kuma tun daga Oktoban 2024 mai hoton dutsen nan kaɗai doka ta yarda da ita. A Ingila babu dokar da ta tilasta, sai dai rashin doka ba ya hana mota zamewa. Idan za ki saya, ki saya guda huɗu gaba ɗaya. Na san jarabar a ce a sa biyu a gaba tunda su ke jan ƙaramar mota, amma hakan yana sa gaba ya kama titi baya ya saki, a kwana ɗaya motar ta juya ta fuskanci inda ta fito. Tsohuwar motar da ba ta da birkin ABS, wanda ke hana ƙafafu daskarewa idan an taka birki da ƙarfi, ta fi kowace buƙatar huɗun nan. Kada kuma a ruɗe ki da faffaɗar taya don ado. A cikin dusar ƙanƙara, siririya tana yanka ta sauka ta kama ƙasa, faffaɗa kuwa hawa sama take yi. Mai ƙusoshi a jiki ana amfani da ita a Finland da Suwidin, a Jamus kuwa an hana, don haka ki tambayi dokar garinku tukuna.

Yanzu sai mu dawo gida, inda abin ya fi damuna. Baturen da ya san abin da yake yi, idan zurfin zanen tayar hunturunsa ya ragu zuwa wajen milimita 4, cire ta yake yi, saboda ta daina aiki sosai a ƙanƙara. A ido kuwa tayar tana nan da kyanta, haƙoranta ba su gama cinyewa ba. Irin waɗannan suna cikin tayoyin gwanjo da ake jibgewa a bakin titunanmu ana ce musu 'yan Beljiyam, duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastam ta haramta shigo da su Najeriya. Wasu kuma a jikin motar 'yar Kwatano suke zuwa tun daga can. Mai sayarwa zai danna robar da yatsa ya ce, "Hajiya ki ji laushi, wannan ta Turawa ce." Gaskiya ya faɗa, ta Turawa ce, amma ta watan Janairunsu. Robar da aka haɗa don sanyin da ke daskarar da ruwa, a ɗora ta kan kwaltar Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sai ta ƙara laushi, ta riƙa cinyewa da sauri, motar ta riƙa yin lilo a kwana, kuma idan kika taka birki sai ta ƙara tafiya kafin ta tsaya. Wannan 'yar ƙarin tafiyar ita ce tazarar da ke tsakaninki da ɗan acaɓan da ya faɗo gabanki. A haɗa da tsufa da lodi da gudu da ƙarancin iska, an haɗa duk abin da taya ke buƙata don ta fashe. Ko sanyin Jos bai kai a ce ana buƙatar tayar hunturu ba.

Za ki kuma ga wasu tayoyin an rubuta musu M+S. Haruffan farko ne na kalmomin Turanci biyu masu nufin taɓo da dusar ƙanƙara. Wannan rubutu kamfani ne kawai yake sa shi bisa yanayin zanen tayar, ba kamar hoton dutsen ba, wanda sai taya ta ci jarrabawa a kan ƙanƙara ake buga mata. Tayoyi da yawa na kowane yanayi, musamman na Amurka, suna ɗauke da M+S, kuma babu laifi a yi amfani da su a nan. Idan M+S ce ita kaɗai, kada ta tsorata ki. Idan tana tare da hoton dutse da tsage-tsagen nan birjik, ni dai shawarata ki bar masa kayansa. Kuma kada ki ɗauka rubutun zai fitar da ƙaramar mota daga taɓon unguwa a watan Agusta. Abin da ke taimako a damina shi ne zurfin zane, domin ramukan nan su ne magudanan da ruwa ke bi ya fita daga ƙarƙashin taya. Idan sun shafe, motar kan ruwa take hawa, ki juya sitiyari ta ƙi ji. A cikin ramukan akwai wasu 'yan tudu na roba da ke nuna milimita 1.6. Idan fuskar taya ta yi daidai da su, ta gama aiki, kuma da damina bai kamata a jira ta kai nan ba.

Sai shekaru. Nemi inda aka rubuta DOT a gefe, ki bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan kin ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Wani lokacin lambar tana ɓangaren ciki, sai an juya. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kamar yadda safar hannunmu ta asibiti ke tsagewa idan ta daɗe a ajiye. Manyan kamfanonin taya suna cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta cika biyar, kuma kada ta wuce goma ko da kyanta, a zafinmu kuwa gara a yi sauri fiye da haka. Tsagewa a gefe ko kumburi kamar ƙurji, babu ciniki, ko kyauta ce.

Girman da ya dace da motarki yana kan wata 'yar takarda a jikin ƙofar direba ko a bayan murfin tankin mai, rubutu irin 175/65 R14. A nan ma aka rubuta yawan iskar da ake so, wanda a ƙananan motoci yawanci bai nisa da 30 zuwa 33. Masu faci da yawa sukan dura fiye da haka don su ga taya ta yi tauri, sai tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa. Ki ce a auna da geji a gabanki, da safe kafin taya ta yi zafi, har da safaya.

Na san sabuwar taya huɗu a lokaci ɗaya ba ƙaramin kuɗi ba ne a wannan zamani, ga kuɗin makaranta ga cefane. Idan biyu za ki iya yanzu, ki sayi sababbi biyu iri ɗaya masu matsakaicin farashi, a sa su a baya, a mayar da masu dama-dama gaba. Bakanike zai iya yi miki musu, amma zamewar gaba ana iya gyara ta da sassauta ƙafa, zamewar baya kuwa kafin ki ankara ta juya mota, kuma a baya yaranki suke zaune. Sauran biyun ki sa su a lissafin adashin da za ki ɗauka kafin ruwa ya kankama.