Ku bar ta ta ci naman layyarta

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce. Bayan ta yi wasu shekaru tana aiki, sai ta koma Yamai ta ƙaro karatu kan lafiyar ƙwaƙwalwa, yanzu tana aiki a yankin Mayahi. Yawancin aikinta sauraro ne: matar da mijinta ya tafi Libiya shekara uku ba aike, mai jegon da barci ya ƙaurace wa, saurayin da tramol ya cinye, da ƴan matan nan namu na kwaleji masu faɗuwa a aji ana cewa aljanu ne. Mu malamai mu ne muke tura mata da yawa daga cikinsu.

A babbar Sallar da ta wuce ta samu kwana uku, ta zo gida Tasawa. Ba a gama jera raguna a bakin wuta ba aka fara sallama. Kowa da barka da Sallah yake shigowa, daga nan sai ya rage murya: "Malama, dama akwai wata ƴar magana." Na ƙirga mutum 11 kafin magariba. Akwai wanda ya hau babur tun daga Maijirgi, akwai kuma abokin aikina, malami ɗan'uwana, da ya kawo ɗiyarsa. A cikinsu duka babu wanda matsalarsa ba za ta iya jiran mako guda ba. Da dare na same ta a bayan ɗakin Inna tana hawaye. Ta ce, "Yaya, wallahi yanzu in mutum yana gaya mini damuwarsa, ji nake kamar rediyo ne ke magana."

Maganar nan ta fi hawayen tsorata ni. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya da aiki ke jawowa, ta ba ta alamomi uku: ƙarfin mutum ya ƙare, zuciyarsa ta yi nisa da aikin, aikin kuma ya daina kyau a hannunsa. Ƙanwata ta kai ta biyun. Kuma mai sauraron da zuciyarsa ta bushe, me ya rage masa da zai ba ɗiyarka?

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a majalisa. Wai aikin lada ne, ta yi haƙuri. Wai tana cin albashi, mu da muke duƙe a gona wa ya ba mu hutu? To, manomi shi ya fi kowa sanin amsar. Babu mai ɗaura wa sa garma tun asuba har la'asar kullum, ya ce wa san ya yi haƙuri. Matan ƙauyukan Mayahi kuma sun san in aka yi ta jan rijiya da bazara har guga ya fara fito da laka, barinta ake yi ta kwana, ruwa ya taru. Abin da muke yi wa sa da rijiya, mun kasa yi wa ƴar'uwarmu.

Ƴan'uwana malamai, mu ne ya kamata mu fi jin kunya. Muna ajiye alli a ƙarshen Yuni, sai Oktoba mu ɗauka. Watannin nan kuwa su ne mafi zafi a asibitocinmu: damina ta sauka, zazzaɓin cizon sauro ya tashi, rumbuna sun yi ƙasa, yara masu tamowa sun ƙaru, ga rabon maganin riga-kafin zazzaɓi ga yara daga wata uku zuwa shekara biyar, wata-wata. A ƙaramin asibiti babu wanda ke cewa ni nawa fannin ƙwaƙwalwa ne kawai. Kowa ake jawowa. Wanda ya kwana wata uku yana hutawa ba shi da bakin da zai je ya cinye wa wani kwana ukunsa.

Ita ma ban wanke ta ba, na kuwa gaya mata. Kunya ce ke cinta. Ta ba kowa lambarta, saƙonnin murya na WhatsApp suna shigowa har tsakar dare, kuma ba ta iya barin ko ɗaya. Na ce ta yi layi biyu, na aiki ya kwana a wurin aiki. Su zauna da abokan aikinta tun kafin Sallah su raba kwanaki, a rubuta sunan mai tsaro a ƙofa, kowa ya san wurin wa zai je. Ta samu wani ɗan sana'arta da za ta riƙa sauke wa nata nauyin, don sirrin marasa lafiya ba ya faɗuwa a gida, mu ko mun so ba za mu iya ɗauka mata ba. Ta yi barci. Ta koyi cewa "ki same ni asibiti ranar Litinin" ba tare da ta bi maganar da ba da haƙuri sau biyar ba. Sannan mu ƴan gida mu daina jiranta da lissafin rago da ɗinkin yara, kamar albashinta ba ya ƙarewa.

Kar a fahimce ni a karkace. Wanda ke maganar kashe kansa, ko mai jegon da ake tsoron ta cutar da jaririnta, ko yaron da ke jijjiga, waɗannan ba sa jiran Litinin. Amma wurinsu asibiti ne, gaban mai tsaro, inda akwai magani da gado. A zauren gidanmu tabarma ce kawai.

Yarinyar da ta yi shiru a aji kuwa, kafin ka ce a kai ta wurin likita, ka taɓa zaunar da ita bayan an tashi ka tambaye ta abin da ke faruwa a gida? A makarantar horar da malamai an koya mana sanin halin yaro, har jarrabawa muka rubuta a kai. Ke uwa, yaushe rabonki da ki ji ta bakinta?

Bana mun yi shawara a gida. Inna ce za ta zauna a zaure ranar Sallah, da carbinta da kwanon nama. Duk wanda ya zo gaisuwa za a ba shi rabonsa a yi masa addu'a. Wanda ya rage murya kuwa, Inna ta ce ita kunnenta ya yi nauyi.