Zaurancen Nabaho Da Yarukan Da Muke Binnewa A Ƙasar Haɗejia

'Yan uwa ɗalibai, kowannenmu ya san zaurance, yadda muke karkata Hausa muna yara don kada manya su gane. To akwai mutanen da suka yi zaurance a fagen daga, rayukan dubban sojoji suna rataye a bakinsu. Su ne 'yan ƙabilar Nabaho, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, mazauna jihohin Arizona, New Mexico da Utah. Labarinsu ya shafe mu, musamman mu 'yan Guri da kewaye.

A shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Jafanawa suna ta kwance saƙonnin sirrin Amurka. Sai wani Philip Johnston, ɗan mai wa'azin Kirista da ya tashi cikin Nabaho, ya ba sojoji shawarar a gwada harshensu. Aka ɗauki samari 29 a watan Mayu na shekarar. Ba hira kawai suka riƙa yi da yarensu a rediyon soja ba, zama suka yi suka gina tsari. Jirgin yaƙi mai nutso suka kira shi "kifin ƙarfe", tankar yaƙi ta zama "kunkuru", kowane harafin Turanci kuma aka ba shi kalmar da za ta tsaya a madadinsa. Sun fara da kalmomi 211, daga baya suka haura 400, duk a ka, babu takarda a filin yaƙi. Shi ya sa da Jafanawa suka matsa wa Joe Kieyoomia, wani sojan Nabaho da suka kama wanda bai sami wannan horo ba, ya ji kalmomin sarai amma bai gane inda suka dosa ba. A yaƙin tsibirin Iwo Jima a 1945, mutum shida sun aika kuma sun karɓi saƙo fiye da 800 cikin kwana biyu ba kuskure. Har aka gama yaƙin ba a kwance wannan zaurance ba.

Ga inda abin yake da ciwo. Yawancin samarin nan sun yi makarantun kwana na gwamnati inda ake hukunta yaro idan ya yi yarensa. Chester Nez, wanda ya rasu a 2014, shi ne na ƙarshe cikin 29 ɗin farko, an taɓa wanke masa baki da sabulu saboda haka. Da suka dawo gida ma, an hana su faɗin aikin da suka yi har 1968, lambar girma ta zinariya kuwa sai a 2001. Da malaman sabulu sun yi nasara, da ranar buƙata ba a sami ko mutum ɗaya ba.

Yanzu mu dawo gida. Da yawanmu mun yi makarantar da ake rubuta sunan wanda ya yi "banakula" a ci shi tara ko a zane shi. Muna jin haushin yadda Turanci ke danne Hausa, kuma muna da gaskiya. Amma a ƙasar Haɗejia, Hausa ita ce babban kifin da ke haɗiye ƙanana. Auyakawa suna nan, Auyo tana nan, amma Auyakanci ya tafi. Harshen Teshenawa ya bi shi, haka na Shirawa a ƙasar Katagum. Ba yaƙi ne ya kashe su ba, iyaye ne suka daina yi wa 'ya'yansu, sannu a hankali. A Guri kuwa har yau akwai masu jin Badanci da Manganci, ga Fulatanci a rugage. Sai dai ku duba da kyau: kaka tana yi, uwa tana ji amma da Hausa take amsawa, jika kuwa gaisuwa kaɗai ya iya. A ɗakunan kwananmu na makaranta ma, sau nawa ɗalibi ke fita waje ya rage murya idan an kira shi daga gida, don kada a ce masa baƙauye?

Wani zai ce, ai Hausa ce ta haɗa kanmu, me zai sa mu farfaɗo da bambanci? Gaskiya ne ta haɗa mu. Ita ce ma harshen bariki da ya haɗa sojojinmu na zamanin Turawa, irin waɗanda suka je Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Amma wa ya ce sai ka zubar da ɗaya kafin ka riƙe ɗaya? Kakanninmu a kasuwar Haɗejia da ta Gashuwa da harshe biyu ko uku suke ciniki, ba su rasa komai ba.

Wani kuma zai ce zamanin ya wuce, yanzu kwamfuta ke kulle saƙo, ko WhatsApp ma yana yi. Haka ne, kuma ni ban ce mu adana Badanci don jiran yaƙi ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne, ba wanda ya san ranar da abin da ya raina zai yi masa rana. Mu nan yaƙinmu da ruwa ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ambaliya ta sauya, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki da wuraren su suka lalace. Tsofaffin masunta da manoman fadama sun san sunan kowane kifi, kowace ciyawa, da tsohuwar hanyar da ruwa ke bi, kuma wani ilimin a cikin yarensu yake ajiye. Ranar da aka binne mai shi, an binne da shi.

Marigayi Farfesa Russell Schuh ya taso tun daga Kalifoniya, ya yi shekaru yana aiki da 'yan Yobe har aka fitar da ƙamus na Badanci. Mu da muke kwana muna tashi da masu harshen, mene ne uzurinmu? Samarin Nabaho ba digiri gare su ba, harshen uwa suka haɗa da fasaha, mu kuwa fasaha muka zo koya. Ɗan sashen kwamfuta zai iya yin ƙaramin ƙamus na waya a matsayin aikinsa na kammala karatu. Ɗan sashen noma ko kiwon kifi ya tattara sunayen kifaye da irin shuka da Badanci da Manganci. Ƙungiyar ɗalibai ta ware dare ɗaya a makon al'adu wanda kowa zai hau dandamali da yaren gidansu, ba raha ba, ba tsokana.

Kafin nan, ga abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Hutun nan mai zuwa, ka zauna da kakarka, ki zauna da kakanki, a kunna rikoda ta waya na minti talatin, a tambaye su sunayen abubuwa da tatsuniya ɗaya. Wanda kuma Hausa kaɗai ya gada, aikinsa ya fi sauƙi: idan abokin ɗakinka ya ɗaga waya ya juya harshe, ka bar shi ya yi maganarsa da ƙarfi.