Tsargiya da Ruwan Tiga

Jama'a, wannan mako ina so mu yi ɗan lissafi a kan wata gardama da na tarar a kasuwar Bebeji. Wani dattijo ɗansa na fitsarin jini, watau tsargiya, ya ce ruwan madatsar Tiga ne ya ja masa. Wani malami ya ce ina, ai tun zamanin kakanni a ke tsargiya, madatsa kuwa ba a gama ta ba sai 1974, lokacin Gwamna Audu Bako. Abin da ya kamata su tambaya shi ne, da ba a tare Kogin Kano ba, da yaron nan ya kamu ko kuwa?

Yaro ba ya girma sau biyu balle mu gwada, saboda haka sai ƙidaya. Tsutsar ciwon, wadda Likita Bilharz ya gano a Alƙahira cikin 1851, tana yaɗuwa cikin dodon koɗi na kwantaccen ruwa, sa'an nan ta huda fatar mai wanka. Ga misali, nawa ne, ba ƙidayar likita ba. A ce cikin yara 100 na bakin magudana an sami 60 da ciwon, cikin 100 na ƙauyen tudu an sami 20. To, cikin sittin ɗin nan 20 ko ba madatsa da sun kamu a kududdufi, 40 ne ƙari. Ke nan zargin dattijo ya sami kashi biyu cikin uku. Amma in 30 aka samu a bakin magudana, ƙarin 10 ne kurum, ɗaya cikin uku, malami ya fi shi hujja.

Sai dai a kula, ƙauyukan su zama daidai a sauran al'amura. In aka gwada 'ya'yan masunta da 'ya'yan maɗinka, lissafi ya ɓaci.

A ƙasar Senegal an gama madatsar Diama cikin 1986, bayan shekara biyu tsargiyar hanji ta ɓarke a Richard Toll, inda ba a san ta ba a dā. Can ba wuyar hukunci. Mu namu ciwon tsoho ne, dole mu ƙidaya, don a san inda za a fara kai magani.

Ina roƙon malaman makaranta na Kiru da Tudun Wada da Doguwa su tambayi almajiransu a asirce, su aiko wa Edita adadi, da nisan garinsu daga ruwa.

Naku,
Akawu, Bebeji.