Laifin Ba Na Lungu Ba Ne

Masu cewa sai an rushe lungunan Dala kafin taswirar waya ta daina ɓata sun saki reshe sun kama ganye. Saƙon tauraron GPS yana tasowa daga nisan kilomita 20,000. Idan katanga ta tare shi, sai ya daki rufin kwano, ya iso a makare. Jinkirin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kuskuren mita 300 ne, wanda ya isa ya kai motar kashe gobara wata unguwa. Amma injiniyan da ya san tsayin kowace katanga yana iya bin sawun saƙon ya gano wayar. Awo Dala ke bukata, ba rusau ba.