Littafin Da Ake Rainawa Shi Ke Cika Kan Mutane

Ƴan uwa, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A shekarata ta ƙarshe a sashen Ingilishi, na kai wa wani malami taken kundina: nazari a kan littattafan ɓarayi da ƴan sanda irin na James Hadley Chase. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wannan karatun tashar mota ne, in je in nemo "adabi na gaske". Na canza take don in samu in fita. Wallahi har yau ina jin haushin kaina.

Ban ce a ajiye Shakespeare ba. Amma shi ma don gidan wasa ya yi rubutu, inda talakawan Landan ke biyan kwabo su yi kallo a tsaye. Charles Dickens kuwa kashi-kashi ake sayar da labaransa, kamar yadda muke jiran ci gaban labari a WhatsApp. To ina bambancin?

Ga inda gizo ke saƙar. Hoton Afirka da ya zauna a kan Turawa bai fito daga littattafan masana kaɗai ba. King Solomon's Mines na Rider Haggard ya fito a 1885, labarin Tarzan a 1912. A cikinsu Bature ne jarumi, nahiyarmu kuwa daji ce mai jiran wanda zai kwashi dukiyarta. Yara bila adadin sun girma da wannan. In jami'a ta ƙi feɗe irin waɗannan littattafai, wa zai feɗe su?

Kowane nau'in labari da ƙa'idarsa. A labarin bincike, wa ake fara zargi? A na soyayya, da me ake cewa mace ta yi haƙuri? A na hasashen gobe, su wa suka rage a duniya? Wanda ya saba da waɗannan tambayoyi, da wuya fim ko jawabin ɗan siyasa ya yi masa rufa-rufa.

Kuma abin ya shafe mu kai tsaye. A 2007 Nnedi Okorafor ta fitar da The Shadow Speaker, labarin da ke faruwa a Nijar ta shekarar 2070. Mu nawa muka karanta? Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, irin littattafan Kano da yayyenmu mata ke karɓa hannu-hannu a Maraɗi da Damagaram, an buga fassararsa ta Ingilishi a Indiya a 2012. Wasu na nazarinsa a waje, mu muna jin kunyarsa a gida.

Za a ce wasu littattafan shirme ne. Gaskiya ne. Amma likita ba ya ƙin duba gyambo don yana wari.

Tun 2025 Ingilishi ya shiga cikin harsunan aiki na ƙasarmu. Ba wanda ke ƙwarewa a harshe da littafin da ke sa shi gyangyaɗi.

Don haka muna neman sassan Ingilishi su ba adabin jama'a darasi nasa, a jera shi da na Hausa, a sa shi a ɗakunan karatu. Ku kuma ƙannena da ke shirin rubuta kundi: in an raina takenku, ku koma da hujja. Kada ku canza kamar yadda na yi.