Ra'ayinmu: Jinin ɓera bai isa ya auna damuwar mutum ba tukuna

Mai ciwon suga ɗigon jini ɗaya ya ishe shi, na'ura ta nuna masa lamba nan take. Mai ciwon damuwa kuwa har gobe sai likita ya zaunar da shi, ya tambayi barcinsa da cin abincinsa da yadda ya daina jin daɗin abin da ya saba so. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun kai kimanin miliyan 280, don haka masana sun daɗe suna neman wata alama a jini da za ta tabbatar da shi. Wani ɓangare na wannan nema a jikin ɓeraye ake yin sa.

Hans Selye ne ya share fage a birnin Montreal na Kanada a 1936. Ya lura cewa ko da me aka wahalar da ɓera, sanyi ko rauni ko guba, jikinsa iri ɗaya yake amsawa: ƙullin da ke saman ƙoda ya girma, ciki ya yi gyambo. Ƙullin nan shi ke fitar da sinadarin kotikosteron, takwaran kotisol na jikin ɗan Adam. A 1987 Paul Willner a Birtaniya ya fito da hanyar da ake bi har yau: a yi makonni ana jiƙa wa ɓera shimfiɗa, ana karkata kejinsa, ana rikita masa dare da rana, har ya rage shan ruwan sukarin da yake ƙauna. Idan aka ba shi maganin damuwa, sai ya koma sha.

Masu goyon bayan aikin suna da hujja mai ƙarfi. A 2014 masu bincike a Mount Sinai da ke New York, ƙarƙashin Scott Russo, sun haɗa ƙananan ɓeraye da wani babba mafaɗaci tsawon kwana 10. Wasu suka karaya suka riƙa gudun 'yan uwansu, wasu ko a jikinsu. Waɗanda suka karaya sun fi yawan IL-6, sinadarin kumburi, a jini. Abin da ya fi ɗaukar hankali, tun kafin a fara wahalar da su fararen ƙwayoyin jininsu sun fi saurin fitar da shi, kuma da aka toshe sinadarin sai suka jure. Babu mai imanin da zai yi wa mutum irin wannan gwaji, kuma shi ya ƙarfafa zaton cewa garkuwar jiki na da hannu a ciwon damuwa.

Sai dai jini yana da saurin ruɗin mai auna shi. Kotikosteron yakan tashi cikin kamar minti 3 da kama ɓera, wato hannun mai ɗibar jinin kansa takura ne. Yana hawa da sauka da lokaci, ya fi yawa da magariba domin ɓera ɗan dare ne. A 2014 ɗin dai Jeffrey Mogil na Jami'ar McGill ya nuna cewa warin jikin namiji kaɗai, ko da rigarsa ce aka ajiye, yana tayar wa ɓera da hankali, na mace kuwa ba ya yi. IL-6 ma ba na damuwa ba ne shi kaɗai. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi, balle a ce za a dogara da shi a asibitocinmu.

An taɓa faɗawa cikin wannan rami. A 1981 Bernard Carroll ya gabatar da gwajin deksametason a matsayin ma'aunin damuwa mai tsanani, likitocin Amurka suka yi rububinsa, daga baya aka ga yana tsallake marasa lafiya da yawa, yana kuma kama waɗanda wani ciwo daban ke damun su. Ga kuma yadda aka shafe shekaru ana gwaji galibi da ɓeraye maza, alhali ciwon ya fi kama mata. Sai a 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta wajabta wa masu neman kuɗinta la'akari da jinsi. Ɓera dai ba ya iya faɗin cewa ya yanke ƙauna ko yana zargin kansa, kuma nan ne tsakiyar ciwon.

Ra'ayinmu shi ne a ci gaba da binciken, domin ya koyar da mu yadda takura mai daɗewa ke cin jiki. Amma a sa masa sharaɗi: maza da mata, a bayyana lokacin da aka ɗebi jini da yadda aka ɗiba, a rage wa dabbobin azaba, kuma kada a kira wani sinadari alamar damuwa sai an tabbatar da shi a jikin mutane. Har zuwa yau babu gwajin jinin da likitoci suka amince yana gano ciwon damuwa. Wanda ya yi makonni biyu cikin ƙunci da rashin sha'awar komai, likita zai je ya gani.